Wa Zai Biya? Sharaɗin Hyde da Kuɗin Lafiyar Mata



A 1973 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Roe da Wade cewa tsarin mulkin ƙasar ya ba mace damar zubar da ciki. Da masu adawa suka ga kotu ta fi ƙarfinsu, sai suka koma inda ake rabon kuɗi. A 1976 ɗan majalisar wakilai daga jihar Illinois, Henry Hyde, ya cusa sharaɗi cikin kasafin kuɗin lafiya: kada a taɓa kuɗin tarayya wajen biyan wannan aiki a ƙarƙashin Medicaid, inshorar da aka kafa a 1965 saboda marasa ƙarfi. Ba doka ce ta dindindin ba, kowace shekara sai majalisa ta sabunta shi. Tun 1993 hali uku aka keɓe: fyaɗe, cikin da muharrami ya yi, da inda ran uwa yake cikin haɗari. An soke hukuncin Roe a 2022, amma sharaɗin Hyde yana nan daram.

A 1980, cikin shari'ar Harris da McRae, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu. Abin da suka ce, in na sauƙaƙa, shi ne gwamnati ba za ta tare wa mace hanya ba, amma babu wanda zai tilasta mata biyan kuɗin mota.

Hujjar magoya bayan Hyde ita ce bai kamata a karɓi harajin mutum a zuba shi cikin abin da imaninsa ya haramta ba. Ban raina wannan hujja ba, kuma na san da yawa daga cikinmu za su gyaɗa kai. Sai dai mu duba kan wa nauyin ya sauka. Mai hali ta buɗe jakarta ta biya likita. Rosie Jimenez kuwa, ɗaliba marar hali a garin McAllen na jihar Texas, ta je wajen wadda ba likita ba, cuta ta shiga jininta, ta rasu a 1977.

To, ina ruwanmu? Dokar Penal Code ta Arewacin Najeriya ba ta halatta zubar da ciki ba sai don ceton ran uwa, kuma ba muhawarar da na zo tayarwa ke nan ba. Ruwanmu shi ne irin wannan sharaɗi yana biyo tallafin Amurka zuwa ƙasashenmu: gyaran Helms na 1973, da ƙa'idar Mexico City ta 1984, wadda shugabannin Republican kan dawo da ita, na Democrat su cire. A rubuce, ƙa'idar ba ta hana kula da wadda ta yi ɓari ba. Amma ɗaki ɗaya ne, kayan wankin ciki ɗaya ne, kuma misoprostol ɗin da ake zargi shi ne ke tsayar da jini bayan haihuwa. Ƙungiyar da ke tsoron a yanke mata kuɗi takan ja da baya daga dukkansu, ungozomar da aka horar kuma ta nemi wani aikin.

A nan gida kuwa, dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta wajabta inshora a kan kowane ɗan Najeriya, jihohi irin su Kano kuma suna da hukumomin taimakekeniyar lafiya nasu. Ina roƙon waɗanda ke zama a kwamitocin da ke rubuta jerin abin da inshora za ta biya, su duba da idonsu ko wankin ciki bayan ɓari, ƙarin jini, tiyatar haihuwa da magungunan tazarar haihuwa suna ciki da sunayensu, da farashin kowanne, da asusun da zai biya.