Waya, Ladabi da Satar Amsa a Sakandaren Ɗorayi

A makarantun sakandare na Ɗorayi Babba da Ɗorayi Ƙarama, a ƙaramar hukumar Gwale, makon farko na zango ne lokacin shimfiɗa ƙa'ida. Ta ladabi ba ta da wuyar bayani: zuwa kan lokaci, kayan makaranta, girmama malami.

Wayar hannu ce ke da sarƙaƙiya. Iyaye da dama suna fita da sassafe zuwa masana'antun Sharaɗa, Challawa ko Bompai, sai dare su dawo, kuma waya ce hanyar jin lafiyar yaro. Shi ya sa hana ta kwata-kwata ba ya ɗorewa. Abin da ya fi dacewa shi ne a karɓe ta a ofis da safe, a mayar bayan tashi, kuma a sanar da iyaye wannan tsari a rubuce. Ɗalibi dai yana buƙatar sanin na'ura, tunda tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB.

Satar amsa kuwa laifi ne a ƙarƙashin dokar maguɗin jarrabawa ta 1999, kuma WAEC tana soke sakamakon wanda aka kama da waya a zauren jarrabawa. Amma ɗabi'ar tana farawa ne daga kwafar aikin gida, yanzu har da amsoshin ChatGPT. Malamin da ke sa ɗalibi ya bayyana amsarsa da baki a gaban aji yana gano mai kwafa tun kafin jarrabawar tantancewa ta aji biyar.