Kafin A Aza Tubali, A Tambayi Ƙasa

 

Da aka ce in zo Baure in yi magana kan binciken filayen da masana'antu suka tashi suka bari, wani abokina dariya ya yi. Ya ce, wace masana'anta gare ku a Baure in ba injin niƙa ba? Ban musa masa ba. Amma ku ba ni aron hankalinku, mu fara leƙa Kano, sannan mu dawo gida.

Duk wanda ya san Bompai da Sharaɗa da Challawa ya san abin da suka zama. Kamfanoni da yawa sun rufe saboda rashin wutar lantarki da kwararowar kayan waje, kamar yadda masaƙun Kakuri a Kaduna suka mutu ɗaya bayan ɗaya, har babbarsu, UNTL, ta rufe a 2007. An kwance injuna an sayar wa 'yan gwangwan, filayen kuwa gari ya cim musu, sun yi tsada. To, kamfanonin fatu da sinadarin kuromiyam suke jima, masaƙu kuma da rini da soda suke aiki. Shekara da shekaru ruwan dattinsu na gangarawa rafin Salanta da kogin Challawa, na Bompai kuma ya bi rafin Getsi ya faɗa kogin Jakara, inda 'yan lambu ke ban ruwan latas da kabeji. Shi irin wannan sinadari ba ganyen ɗorawa ba ne da zai ruɓe ya zama taki. Kuromiyam da dalma ƙarfe ne, inda suka zauna nan jikokinka za su tarar da su.

Turawa ma sai da suka ƙone kafin suka gane wuta. A Amurka akwai unguwar Love Canal a jihar New York, inda wani kamfani ya binne sharar sinadarai fiye da tan 20,000, ya rufe da ƙasa, ya sayar wa hukumar makarantu filin a kan dala ɗaya a 1953. Aka gina makaranta, gidaje suka kewaye ta. A 1978 sai da aka kwashe iyalai, bayan guba ta ɓullo a cikin gidaje. Arha ba ta ado, in ji masu iya magana. Mu kuma namu darasin ya zo a 1988, da aka jibge gangunan guba daga Italiya a garin Koko, abin da ya sa aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, sannan a 1992 aka yi doka mai lamba 86, wadda ta wajabta tantance illar manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su.

Dokar tana da kyau, sai dai idonta a kan manyan ayyuka yake: madatsar ruwa, babbar hanya, layin dogo irin na Kano zuwa Maraɗi da aka bi da shi ta Daura. Ba ta zuwa wurin cinikin fuloti mai ƙafa 50 da 100, inda daga dillali sai shaidu sai mai unguwa. Kuma a nan ne maganar ta shafe mu.

Ku tsaya gefen tasha ku kalli mai gyaran batir. Zai fasa tsohon batir, ya tsiyaye ruwan a ƙasa, ya narka dalmar a gwangwani, ƙurar ta bi iska ta sauka inda mai ƙosai ke suya. Kusa da shi bakanike na juye baƙin mai a rami ɗaya shekara ashirin. Ga tsohon gidan mai da aka rufe, tankinsa na binne yana tsatsa. Ga shagon da aka daɗe ana ajiye maganin feshi. Ga kududdufin da aka cike da bola, yau an yanka shi fuloti. Waɗannan su ne masana'antunmu. Ƙasarmu kuma jigawa ce, rairayi ba ya riƙe komai, abin da aka zuba da rani damina za ta kai shi rijiya.

Wani ɗan'uwana ya sayi fili a bakin titi a wani gari da ba sai na faɗa ba. Ya yi gini, ya haƙa rijiya. Ranar da aka fara jan ruwa, uwargida ta ce ruwan na warin fetur, ga wani maiƙo-maiƙo yana yawo a saman guga. Sai a lokacin wani dattijo maƙwabci ya ce, ai nan 'yan bumburutu suka yi shekaru suna ajiye durom-durom. Da aka ce don me bai faɗa ba tun farko, cewa ya yi ba wanda ya tambaye shi.

Wannan tambaya da ba a yi ba ita ce matakin farko na binciken da masana ke yi, ko a Landan ne. Kafin a ɗauko na'ura, tarihin fili ake nema: wa ya zauna, me ya yi, ina yake zubar da shara, ina ruwa ke bi. A can tsofaffin taswirori ake dubawa. Mu taswirarmu tana cikin kan dattawa. Sai in tarihi ya nuna abin zargi ake ɗibar ƙasa daga wurare dabam-dabam, sama da can ƙasa, haɗe da ruwan rijiya, a kai ɗakin gwaji. Hukuncin kuma ya danganta da abin da za a yi da filin. Wurin da zai yi kyau a dafe shi da siminti a yi garejin manyan motoci, ba zai yi Islamiyya ba, domin yaro a ƙasa yake wasa, hannunsa kuma kullum a baki.

Zamfara ta nuna mana haka. A 2010 gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Likitoci suka ce magani ba zai yi amfani ba muddin yaro zai koma tsakar gidan nan. Dole aka bi gida-gida ana kankare saman ƙasa, ana binnewa nesa, ana zubo sabuwa. Ƙauyen Bagega kuwa sai a 2013 aikin ya kai gare shi.

Roƙona ga iyayenmu masu unguwanni ƙarami ne, ranku ya daɗe. Ku ne kuke sa hannu a takardar ciniki, kuna tambayar iyaka da magada. A ƙara layi ɗaya: me aka taɓa yi a filin nan? Mai sayarwa ya amsa a gaban shaidu, a rubuta. Ƙaramar hukuma kuma, tunda dokar filaye ta 1978 ta ba ta ikon filayen karkara, ta buɗe littafi ta sa tsofaffin gareji da gidajen mai da kududdufai a ciki, tun dattawan da suka san wurarensu suna raye.