Hutun Da Yake Raunana Iyayenmu

 

An nemi in yi magana a kan motsa jiki marar tsanani, wanda ake yi a tsanake da natsuwa. Zan ɓullo wa batun ta wajen tsofaffi, domin akwai abin da muke yi musu da sunan ladabi alhali yana cutar da su. Da zarar dattijo ya ajiye aiki, ko gyatuma ta aurar da autarta, sai mu karɓe duk wani motsi daga hannunsu. Baba zai tafi masallacin da ke bayan layi, a kira yaro ya kai shi a babur. Inna ta ɗauki tsintsiya, jikoki su yi caa: "Haba Inna, kawo, zauna ki huta." Niyyar mai kyau ce, Allah Ya ba da lada. Sai dai tsokar da aka daina aiki da ita zaizayewa take yi, kuma cikin gaggawa.

A shekarar 1966, a birnin Dallas na Amurka, masu bincike sun kwantar da samari biyar 'yan shekara 20, lafiyayyu, a gado har tsawon mako uku. Da suka tashi, ƙarfin zuciya da huhunsu na sarrafa iska ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Bayan shekara 30 aka sake auna mutanen nan, sai aka tarar tsufan shekara talatin bai yi musu ɓarnar da kwanciyar mako uku ta yi ba. Idan haka zama wuri ɗaya ya yi wa saurayi, yaya ke nan ga mai shekara saba'in da muka ajiye a kan tabarma daga hantsi zuwa almuru?

Abin da yakan biyo baya shi ne faɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 684,000 ke rasuwa duk shekara sanadiyyar faɗuwa, fiye da kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki, kuma waɗanda suka haura sittin sun fi yawa a ciki. Mun san inda abin yake faruwa a gidajenmu: santsin banɗaki, dokin ƙofa, fitowa alwalar asuba cikin duhu. Ƙashin ƙugu ya karye, tsohuwar da jiya take zuwa barka da ta'aziyya ta koma sai an kwantar an tayar. Wanda ma bai karye ba, tsoro ya kama shi, ya rage tafiya, ƙafafu su ƙara rauni, faɗuwa ta biyu ta matso.

Mutanen ƙasar Sin suna da wani motsa jiki da suke kira taici. Asalinsa dabarar faɗa ce, ana danganta shi da ƙauyen Chenjiagou a lardin Henan tun ƙarni na 17. A 1956 hukumomin ƙasar suka sauƙaƙa shi zuwa motsi 24 don kowa ya iya, a 2020 kuma UNESCO ta sanya shi cikin al'adun gado na duniya. Mutum yana tsaye, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe, yana mayar da nauyinsa daga ƙafa ɗaya zuwa ɗaya sannu a hankali, hannuwa suna bi, numfashi yana tafiya tare da motsin. Babu tsalle, babu haki.

A 1996 Steven Wolf da abokan aikinsa na Jami'ar Emory da ke Atlanta suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi da mutum 200 masu shekara 70 zuwa sama. Waɗanda suka koyi taici na mako 15, haɗarin yawan faɗuwarsu ya ragu da kusan rabi. Dalilin yana da daɗin fahimta. Tsayuwar ɗan Adam ta dogara da abu uku: ido, da cikin kunne, da saƙon da tafin ƙafa da gaɓoɓi suke aika wa ƙwaƙwalwa. Tsufa yana dusashe dukkansu, ciwon suga kuma yana kashe jin ƙafa. Idan mutum yana motsi a hankali, hankalinsa yana kan inda nauyinsa ya sauka, to yana sake koya wa ƙwaƙwalwa sauraron ƙafa ne. Shi ya sa natsuwar take cikin maganin kansa. Wanda yake motsa hannu yana duba waya ya zubar da rabin amfanin.

Masu ciwon gwiwa za su ce, ai motsi ne yake tayar mana da ciwon. Ina jin ku, kuma ciwon gaskiya ne. Amma guringuntsin gwiwa ba shi da jijiyoyin jini. Daga ruwan gaɓa yake samun abincinsa, kamar soso da sai an matsa an saki yake shan ruwa. A 2016 Chenchen Wang ta asibitin Tufts a Boston ta kwatanta taici da gashin ƙashi a kan mutum 204 masu ciwon gwiwa. Bayan mako 12 sauƙin ciwon ya zo kusan ɗaya, sai dai 'yan taici sun fi samun sauƙin damuwa da ƙuncin rai. Wannan ɓangaren ya fi taɓa ni, domin tsohon da aka zaunar yana rasa hira, yana rasa barci, yana jin ya zama kaya. Numfashi mai tsawo, musamman idan aka ja fitarsa, yana rage bugun zuciya, fita cikin mutane kuma tana yaye kaɗaici.

Ba lallai sai mun nemo malamin taici ba, ko da yake babu laifi ga wanda ya samu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci manya su yi aƙalla minti 150 na matsakaicin motsi a mako, waɗanda suka kai 65 kuma su ƙara da atisayen ƙarfi da daidaita tsayuwa kwana uku a mako. Tattaki bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya, waya a aljihu, hankali a kan taku, ya shiga lissafi. Iyaye mata za su iya zagaya tsakar gida bayan cin abinci, wanda yake taimakawa wajen saukar da sukari. A dafa bango a tsaya da ƙafa ɗaya, a canza. A zauna a kujera a miƙe ba tare da dafa hannu ba, a maimaita gwargwadon iko. Sallah ibada ce, ba na lissafa ta cikin atisaye, amma na san babu abin da dattijo yake tsoro kamar ranar da ruku'u da sujada za su gagare shi, kuma ƙarfin cinya da gwiwa ne yake jinkirta wannan rana.

Wanda ya ji ciwon ƙirji, jiri ko numfashi sama-sama ya dakata ya ga likita. Mai hawan jini kada ya ajiye maganinsa. Mai ciwon suga ya sa takalmi, ya duba ƙafarsa kowane dare.

Roƙona ga ma'aikatan lafiya shi ne, duk tsohon da ya zo awon jini ku tambaye shi ko ya faɗi a bana, ku sa shi ya miƙe daga kujera a gabanku ku gani. Ku kuma 'ya'ya da jikoki, gobe idan Baba ya nufi masallaci, a bar babur a gida, ɗayanku ya taka tare da shi.