Tafiyar Da Ba A Sa Mata Rana Ba

 Ya ku 'yan'uwa manoman ƙasar Funtua da Malumfashi.

Babu ɗayanmu da ba shi da wata tafiya wadda ya daɗe yana ambato. Wani yayarsa ce aka aurar a Gusau, shekara da shekaru bai taka gidanta ba. Wani kuwa kullum Makka ce a bakinsa. Kaka ta yi, a sayar da masara da auduga da waken suya, kuɗi su shigo hannu, amma kafin ruwan shuka ya sauka sun watse a biki da bashin taki da gyaran babur. Sai a ce sai baɗi. Haka baɗi ke bin baɗi, har ƙarfi ya ƙare, ko a aiko da saƙon rasuwar wanda ake cewa za a je a gano.

To, jama'a, maganin wannan shi ne alƙalami da takarda. Kowa ya rubuta wuraren da yake nufin zuwa, a gaban kowanne ya sa dalilin zuwa, da guzurin da zai ci, da ranar tashi. Duk tafiyar da ba ta da guzuri da rana, buri ce kawai.

Na farko a takardar shi ne zumunci, domin shi ya fi sauƙin kuɗi, shi kuma ya fi saurin kuɓucewa. A haɗa da kai uwargida ta gano iyayenta.

Na biyu, tafiyar sana'a. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, wadda aka kafa harsashinta a 1922, ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ita ce ta fitar da irin masara na SAMMAZ da irin auduga na SAMCOT. Daga Funtua mutum zai je ya komo a yini guda, amma mu nawa ne muka taɓa zuwa muka yi tambaya? Haka nan kasuwar Dawanau a Kano: wanda ya bi hatsinsa ya ga yadda ake cinikinsa a can, ba zai sake yi wa dillali jayayya cikin duhu ba.

Na uku, a kai yara birnin Katsina su ga hasumiyar Gobarau, a kai su Daura su ga rijiyar Kusugu, su san cewa ƙasarsu tana da tarihi.

Babbar tafiya kuwa, ga wanda Allah Ya hore wa, ita ce aikin Hajji. Kakanninmu a ƙasa suka yi ta, ta Barno da Cadi da Sudan, suna tsayawa suna ƙwadago a hanya, wasu sai bayan shekaru suke komowa. Ba su jira arziki ya zo gaba ɗaya ba. Mutanen Malesiya sun kafa asusun Tabung Haji tun 1963 domin talaka ya riƙa tarawa kaɗan-kaɗan. A nan gida ma Hukumar Alhazai ta Ƙasa ta buɗe asusun adashin Hajji tare da bankin Jaiz a 2020.

Sai zartarwa. Ranar da aka gama sussuka, a fara fitar da zakka da abincin iyali na shekara. Daga abin da ya rage a ware buhun tafiya, a rubuta sunan garin a jikinsa, kada a taɓa shi don wata hidima. Tafiya mai nisa kuma a mayar da rabonta dabba ko ajiyar asusu, tun da farashin hatsi ba shi da tabbas. Kada a ci bashin ruwa don tafiya. A sa rana cikin rani, kafin sharar gona. Mutum biyar ko shida su haɗa kuɗin mota, domin wanda ya yi wa abokansa alkawari yana jin nauyin fasawa. A yi tambayar lafiyar hanya wurin direbobin tasha, a tashi da hantsi, a sauka kafin magariba, domin kowa ya san abin da yankunan Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara suka gani na 'yan bindiga.

Ya 'yan'uwa, kada wannan mako ya fita ba ku rubuta takardarku ba, kuma kada ranin bana ya wuce ba ku soke layi ɗaya daga cikinta ba. Allah Ya kai mu lafiya, Ya komo da mu lafiya, Ya sa albarka a gonakinmu.