Jawabi a Taron Reshe: Yadda Injin Mota Ke Daidaita Lokacin Wuta



Da yawanmu da rancen adashi muka sayi 'yar motar da ke kai mu makaranta. Tun da guminmu ne a ciki, ya kamata mu fahimci abin da makanike ke kira taimin, kafin mu miƙa masa albashinmu.

A cikin silinda, fistin na matse iska da fetur, sannan fulogi ya ba da tartsatsi su kama da wuta. Ƙonewar tana ɗaukar ɗan lokaci, don haka dole tartsatsin ya fito kafin fistin ya kai ƙololuwa. In ya makara, ƙarfi ya ragu, mai ya tafi a banza. In ya yi gaggawa, injin ya riƙa ƙwanƙwasa har fistin ya lalace.

A tsofaffin motoci, distirbuta ke wannan aiki, makanike na murɗa ta da hannu yana saurare. A motocin yau, kwamfutar injin ce ke yanke hukunci. Wata sensa tana ƙirga haƙoran faifan da ke jikin karanshaf, tana shaida mata inda fistin yake da saurin juyinsa. Wasu suna auna iskar da ke shiga da zafin injin. Injin da ke juyi 3,000 a minti yana juyi 50 ke nan a daƙiƙa ɗaya, kuma kwamfutar na sabunta lissafinta a kowane juyi. Gudu na ƙaruwa, tana gabato da tartsatsin. Sannan ta umurci koyil ya ɗaga wutar batir mai bolt 12 zuwa dubbai.

Akwai kuma sensar da ke jin ƙwanƙwasa. Idan muka sha gurɓataccen man bumburutu, ita ke faɗakar da kwamfutar ta jinkirta wuta don kare injin. Shi ya sa motar ke nauyi, tana ƙara shan mai.

Saboda haka, idan fitilar injin ta kunna, kada mu yarda a yanke waya ko a cire sensa don ta mutu. Mu nemi a jona na'urar bincike tukuna. Motocin da aka sayar a Amurka tun 1996 duk suna da wannan kafa. Kuɗin binciken bai kai na sabon injin ba.

Allah Ya kare mu a hanya.