Iyakar Ikon Jiha a Kan Kamfanonin Lantarki: Darasi Daga Amurka



An umurce ni in yi tsokaci a kan dokokin wutar lantarki. Zan fara da Amurka, domin wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi.

A can, jihohi da dama sun wajabta wa kamfanonin lantarki su samo wani kaso na wutar da suke sayarwa daga rana, iska da makamantansu. Jihar Iowa ce ta fara a 1983. Kalifoniya ta kafa tata dokar a 2002, kuma a 2018 ta ɗaga kason zuwa kashi 60 cikin ɗari kafin ƙarshen 2030.

Sai dai ikon jiha yana da iyaka. Wata dokar tarayya ta 1935 ta damƙa cinikin wuta na sari, da tura ta tsakanin jihohi, a hannun hukumar tarayya wadda a yau ake kira FERC. Haka kuma kotuna sun hana jiha toshe wa maƙwabtanta kasuwa. A 1992 Kotun Ƙoli ta soke dokar Oklahoma wadda ta tilasta wa tashoshin lantarki su sayi kashi 10 na kwal ɗinsu daga cikin jihar. Amma a 2015 dokar Kolorado ta makamashi mai sabuntuwa ta tsira a kotun ɗaukaka ƙara, saboda sharaɗinta ɗaya ne ga na gida da na waje.

Jama'a, ga inda maganar ta shafe mu. A 2023 an gyara tsarin mulkin Nijeriya, aka kuma sa hannu a sabuwar Dokar Lantarki, wadda ta ba jihohi damar kafa kasuwar wutarsu. Amma wutar da ke ƙetare iyakar jiha tana nan ƙarƙashin hukumar NERC.

Saboda haka ina kira ga lauyoyinmu da injiniyoyinmu mazauna birni: ranar da majalisar jiha za ta saurari ra'ayin jama'a a kan dokar lantarki, kada a nemi kujerarmu a tarar ba kowa. Mu nemi a rubuta kason hasken rana ƙarara, a buɗe ƙofa ga duk mai iya kawo wutar, a kuma tsaya inda ikon jiha ya tsaya. Dokar da kotu ta soke ba ta kunna ko ƙwan lantarki ɗaya a asibitin garinmu.