Tayin Kwangilar Injinan Gini: Mafi Araha Ko Mafi Cancanta?



Idan aka buɗe sabon asibiti ko sakatariya, jama'a bango da fenti suke yabawa. Amma abin da ke sa a iya zama a cikin ginin yana ɓoye a silin da ƙarƙashin ƙasa: na'urorin sanyaya ɗakuna, bututun ruwa da famfunan tura shi sama, lifta, da kayan kashe gobara. A kan yadda ake karɓar tayin waɗannan ayyuka da tantance shi zan yi magana yau.

Dokar Sayayyar Gwamnati ta 2007, wadda ta kafa hukumar BPP, ta shimfiɗa hanya. A tallata aiki a jaridu, masu tayi su kawo takardunsu a rufe, a buɗe su a bainar jama'a da zarar wa'adi ya cika. Za a nemi rajistar CAC, shaidar biyan haraji ta shekara uku, da takardun PenCom da ITF da NSITF. Wannan duka akawu mai lura zai iya dubawa, ba zan ɓata muku lokaci a kai ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen zaɓe. Mutane da yawa sun ɗauka doka ta ce a ba wanda ya fi araha. Ba haka ta ce ba. Cewa ta yi a ba mafi ƙarancin farashi daga cikin waɗanda aka tantance aka ga sun cika sharuɗɗan aikin. To, wa zai tantance? Kwamitin da babu injiniyan injina mai rajistar COREN a cikinsa ba zai gane cewa na'urar sanyaya da aka rubuta ƙarfinta bisa zafin digiri 35 za ta gaza a Kano ko Sakkwato a watan Afrilu ba, lokacin da zafi ke haura 40. Ba zai tambayi yadda matatar iskarta za ta yi da ƙurar hunturu ba. Ba zai lura cewa ɗan kwangila ya rage kaurin bututu, ko ya cire famfon ko-ta-kwana, don farashinsa ya sauko ba. Araha ba ta ado.

Sau da yawa ma laifin na mai aikin ne tun farko. Sai a fitar da talla babu cikakken zanen injina, a ware wani dunƙulallen kuɗi a ce “na sanyaya da famfo ne”, a bar wa babban ɗan kwangila ya nemo wanda zai yi. Shi kuwa magini ne, mafi sauƙi zai nema. Bayan an zuba dakin, sai a dawo ana fasa kankare don bututu ya samu hanya. Idan kowane mai tayi da irin kayan da ya sa wa farashi, me ake kwatantawa?

Sai batun canji. Yawancin manyan kayan nan daga waje ake shigo da su. Kafin a saki naira a watan Yunin 2023, dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati; a farkon 2024 ta haura 1,500. Wanda ya yi tayi kafin nan ba tare da sharaɗin sauyin farashi ba, ko ya gudu ya bar aikin, ko ya kawo jabu. Don haka a rubuta ƙarara kwana nawa tayi zai tsaya, wa zai ɗauki hawan dala, kuma a saki kuɗin kafin alƙalami da wuri domin a yi odar lifta da manyan injina, tunda sukan ɗauki watanni kafin su iso.

A ganina, duk tayin da bai faɗi wutar da na'ura za ta ci ba, da inda za a samu kayan gyaranta a ƙasar nan, da wanda zai gwada ta a gaban injiniya kafin miƙa makulli, bai cancanci a buɗe ambulan farashinsa ba.

Ina roƙon shugabannin ma'aikatu da ke wannan zaure: kada ku sake sa hannu a tallar gini sai zanen injina ya kammala, kuma injiniyan da ya zana shi ya zauna a kwamitin tantancewa.